Riguna Biyu na Kawu Bagudu

Duk wanda ya san Kawu Bagudu mai gyaran keke a Kalgo ya san rigunansa biyu. Ɗaya toka-toka mai faci, ita ce rigar karnuka. Ɗaya fara sol, tana rataye a reshen darbejiya, ita ce rigar salla. Ladan na buɗe baki zai tuɓe waccan, ya wanke hannu har gwiwa, ya zura wannan. Shekara ashirin bai taɓa yarda ko bindin kare ya gogi farar ba.

Yayan mahaifiyata ne, ɗan gidan malamai a Gwandu, inda nake koyarwa lokacin. Duk ƙarshen mako nakan leƙa shi, in kai masa gaisuwar dangi haɗe da ƙorafinsu. Idan damina ta faɗi, 'yan farauta sukan watsar da karnukan da suka tsufa ko suka gurgunce, su kuwa ba su san hanyar ko'ina ba sai rumfar Kawu. Na taɓa ƙirga tara.

"Kawu, dangi sun ce son karnukan nan ya yi yawa."

"Wa ya ce so ne? Haƙƙi ne. Mai rai ya zo ƙofarka da yunwa, mi za ka ce wa Allah?"

Maganarsa ke nan kullum, har muka haddace: ba so ba ne, haƙƙi ne.

Wata rana maƙwabcinsa Alhaji Manu ya tare shi a ƙofar masallaci, wai bai kamata mai cuɗanya da karnuka ya shiga sahun gaba ba. Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Alhaji, ni riga biyu gare ni, kowace da aikinta. Kai ɗaya na gani, kuma ga miyar jiya nan a gabanta."

Alhaji ya sunkuya ya duba. Wallahi akwai miyar.

Matarsa, Goggo Hajo, bandar kifi take yi na sayarwa. Sai ta lura kifayenta suna wayar gari ba kawuna. Ta zargi kyanwa, ta zargi ɓera, ranar nan ta kama Kawu da wuƙa a bakin tanda.

"Malam, ashe kai ne ɓeran?"

"Hajo, kifin da ya mutu mi zai yi da kai? Tunani zai yi?"

Ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Daga baya ita da kanta take ware wa karnukan kawunan a kwano, tana yi tana mita.

A daminar shekarar da aka ba mu jiha, ya tsinci 'yar kwikwiya a cikin kwalbati a hanyar Diggi, mota ta take uwar. Idonta bai gama buɗewa ba. Ya yanko guntun tib na keke, ya ɗaura a bakin kwalba, yana ɗura mata nono. Ta yi ɓul-ɓul, tana bin diddigensa, tana sace masa noti. Da na tsokane shi, ya ce haƙƙi ne, amma bai kalli idona ba.

Sai ciwo ya kama ta. Amai, zawo, ko nonon ta daina karɓa. Ranar kasuwa ce, masu faci sun yi layi, Kawun da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi rufe rumfa ba ya ce kowa ya tura kekensa gaba. Ya saka ta a kwando ya taka har Birnin Kebbi wurin likitan dabbobi, ni ina biye a keken aro ina haki. Likitan ya yi mata allura, ya ce abin ya ci jiki, sai dai a gwada.

A hanyar dawowa ruwa ya sauko mana. Mun iso gida da la'asar sharkaf, 'yar kwikwiya tana karkarwa kamar za ta tsinke. Kawu ya dubi rigar jikinsa, tana ɗigar ruwa. Ya shiga ɗaki, inda Goggo ta ɓoye farar don kada ta jiƙe, ya ɗauko ta ya naɗe kwikwiyar a ciki, ya rungume. Sallar ranar da aron rigar Alhaji Manu ya yi ta, ya kuma duba gabanta kafin ya saka.

Da hantsi washegari ta mutu a cinyarsa. Ya haƙa rami a bayan rumfa, ya binne ta da rigar, ya daɗe a tsugune. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ni ma na yi.

Goggo ta kawo masa ruwa, ta ce a hankali, "Malam, wannan ma haƙƙi ne?"

Ya goge fuska. "A'a, Hajo. Wanga kam so ne."

Da yamma ya tashi ya raba wa sauran karnukan nan tara kawunan kifi, kamar kullum.

Allah Ya jiƙan Kawu Bagudu. Yadda ya lulluɓe abin da ba shi da kowa, Allah Ya lulluɓe shi da rahama.