Ramata a Bayan Layin Dogo

Shekaru na yi a layi kafin council, wato ƙaramar hukuma, su ba ni ɗan filin shuka a bayan layin dogo, wajen unguwar Stratford a London. Da sharaɗi kuwa: in masu dubawa suka zo a watan Agusta suka tarar da fili fayau, an ƙwace ke nan.

Maƙwabciyata a filin wata tsohuwa ce 'yar Hong Kong, gwanar noma ta gaske, ga baki. Ta ga irin ramar da mahaifiyata ta aiko min daga Funtuwa, ta murza shi a tafin hannu, ta ce wannan ba zai yi a London ba, in shuka kabeji kamar kowa. Kabeji! Ni da na yi shekara shida ban ɗanɗana kwaɗon ɗanyar rama ba?

Na shuka a Afrilu, sanyi ya kashe. Na sake, ya sake kashewa. Kullum tsohuwar nan sai ta leƙo ta kan shinge ta girgiza kai, wallahi har na fara jin haushin ganin hularta. Maigidana ma ya samu abin tsokana, da na shigo sai ya ce, "Sannu da zuwa, Sarkin Noma."

Sauran irin bai cika cokali ba. Na zuba shi a robobin yogot, na jera a tagar kicin kusa da hitar ɗumama ɗaki, ban dasa ba sai da Yuni ya shigo. Sai Allah Ya kawo wani zafi a shekarar, Turawa na ta kuka, ni ina hamdala.

Ranar da masu dubawa suka zo, rama ta kai min kafaɗa. Suka zagaya, suka sa hannu: fili nawa ne.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Dit ngan geng." Na ce me ke nan? Ta ce a yarensu na Kantonanci, wai tabarau ya faɗi. Haka suke cewa in wanda ya san kan abu ya yanke hukunci, abin ya zo ya ba shi kunya.

Na ce, "Iya, maimaita min, daɗinsa nake ji."

Washegari na kai mata kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ta cinye tas. Da ta dawo min da kwanon, akwai ambulan a ciki, babu komai a cikinsa. Ta kau da kai ta ce in rama ta yi 'ya'ya, in ajiye mata iri.