Mai Gyaran Murya yana can ƙarshen layi

Yayana ya yi shekara talatin da biyar yana jera fayil a sakatariya. Da ya yi ritaya ya rasa abin jerawa, sai ya faɗa kan wani fim ɗin Turawa na jirgin sama jannati da muke kallo muna yara a gidanmu na Abakpa.

A wancan zamanin ranar Alhamis da yamma ake sa shi, a talabijin ɗinmu mai ƙofar katako. Baba yana kan kujerarsa, Umma tana ƙasa tana tsintar shinkafa. Ba ta jin Turanci, amma wannan bai taɓa hana ta bin labari ba, kowa a jirgin ta raɗa masa suna. Wanda ta fi so wani dattijo ne mai riƙe da makullin sito, wanda ba ya magana sai ya gyara murya sau biyu, sak yadda Baba yake yi. Shi take kira Mai Gyaran Murya. In ya fito sai ta saci kallon Baba ta yi dariya, shi kuma ya tsuke fuska.

Ashe tun daga lokacin Turawan ba su huta ba. Sun yi ta ƙaro sababbi, kuma don tsabar rashin aikin yi sababbin baya suke komawa, suna ba da labarin kakannin waɗancan. Namu, wanda aka fara yi, shi ne na ƙarshe a labarin. Wannan ganowa ta yi wa Yaya daɗi fiye da ranar da aka ƙara masa girma. Ya sayo littafi mai bango mai tauri, ya ja layi da rula, ya jera kashi ɗari biyar da wani abu bisa shekarun cikin labarin, shekarun da ko jikokin jikokinmu ba za su gani ba. Ya ce duk Asabar zai taso daga Katabu bayan azahar mu kalli uku uku a falon Umma, don a ɗebe mata kewa tunda Baba ya rasu.

Haka muka fara, kuma ban taɓa ganin ɓata lokaci mai tsari irin wannan ba. Ƙattai sun manna roba a goshi wai su mutanen wata duniya ne, amma duk Turanci suke yi. Jirgi ya fi unguwarmu girma, babu ko buta ɗaya a ciki. Kullum ƙararrawa na kuka, kullum saura minti biyu su hallaka, kullum ba sa hallaka. Yaya kuwa yana zaune da biro, in kashi ya ƙare ya yi masa maki. In aka ɗauke wuta a tsakiya, ranar ba ta shiga lissafi, sai an sake daga farko. Kowane mako ina da sabuwar baƙar maganar da zan gaya masa, shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Fayil ba ya tsallake layi."

A cikin watannin nan ne likita ya ce Umma tana da hawan jinin ido, kuma an makara. Ganinta yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta bakin tulu. Maganin ɗigawa zai rage gudun abin ne kawai. Dukkanmu mun ji, har Yaya, don shi ya kai ta.

Yaya ɗan fari ne, kuma Umma irin matan dā ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta roƙe shi abu. Duk abin da take so a wurinsa ta bakina yake bi. Wata Asabar muna kicin ta riƙo hannuna ta ce, "Ki tambayi wancan, yaushe za a zo kan Mai Gyaran Murya? Ina so in ƙara ganinsa."

Na fito falo na isar da saƙon yadda na saba isar da komai. Na ce, "Ranka ya daɗe babban sakatare, talakawa na tambaya, sai an busa ƙaho za mu kai ga tsohon, ko akwai alfarma?"

Ya buɗe littafinsa ya bi layi da yatsa. "Saura ɗari uku da goma sha ɗaya. In kin tsallaka ba za ki gane dalilin da ya sa makullin ya zo hannunsa ba."

Na yi tsaki na koma na ce wa Umma ɗanta ya ce a bi layi. Ta ce, "To." Ba ta sake tayar da maganar ba. Ni kuma na ci gaba da zuwa duk Asabar da sababbin baƙaƙe, har ina ba ƙawayena labari a wurin aiki muna shan dariya. Tabarmar Umma tana ta matsawa kusa da talabijin, mako bayan mako, har ta kai inda in ta miƙa hannu za ta taɓa gilashin. Ina ganin haka, abin da ya zo mini shi ne wani sabon abin tsokanar Yaya.

Ranar da ta kawo ƙarshen abin, Umma ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin shayi ta ture shi, ga shi a gabanta ƙiri-ƙiri. Na bi Yaya waje wurin motarsa. Karon farko na yi masa magana ba da gatse ba. Na ce Umma ce ta aiko ni tun watannin baya, tana so ta ga mutumin nan kafin idon ya rufe.

Ya tsaya da makulli a hannu. "Umma ce ta ce? Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na faɗa maka."

"Ba ki faɗa ba. Kin dai yi mini iya shegenki."

Na ji haushinsa, amma haushin kaina ya fi, don gaskiyarsa ce.

Ya koma ciki, ya ajiye littafin a kan firij, ya nemo tsohon fim ɗin. Hoton ya fito dishi-dishi, bangon jirgin ma kana gani ka san kwali ne. Umma ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashi, tana juya kai tana neman ta inda haske zai shiga. Can sai muka ji gyaran murya sau biyu.

"Ga shi nan!" Ta yi dariya, ta juya wajen da kujerar Baba take dā. Sannan ta dawo da fuskarta, kuma ba ni ta tambaya ba. Kai tsaye ta ce wa Yaya, "Kai, har yanzu yana da gashin bakin nan nasa?"

Dattijon sito bai taɓa ajiye gashin baki ba. Baba ne mai gashin baki. Na kalli Yaya, mutumin da in ka ce Talata ce alhali Laraba ce sai ya ɗauko maka kalanda, ina jira ya gyara mata.

Ya daɗe yana kallon talabijin ɗin.

"Yana nan, Umma," ya ce. "Har ya ƙara tsawo."