Ranar da Aka Canja wa Jar Mota Tiyo

Tun kafin in san mijina na san motar gidansu. Ina 'yar makaranta a Daura, idan an tashe mu nakan bi ta layinsu don kawai in leƙa ta kafar get. Jar mota ce gajera, kwance a ƙasa kamar damo, ƙofa biyu, kujera biyu, fitilunta a lumshe. A lokacin ina cinye littattafan soyayyar da ake ba da haya a kasuwa, kuma a cikinsu babu saurayin da ke zuwa zance a ƙafa. Duk wanda marubuciya ta ce ya tsaya a ƙofar gida ya sauke gilashi, a wannan jar motar nake ganinsa, ni kuma ina kujerar gefe, iska tana wasa da mayafina.

Allah ya ƙaddara gidan aka kai ni. Sai dai mijina malamin firamare ne, kuma a babur ya yi ta zuwa zance har aka ɗaura aure. Motar ta mahaifinsa ce, marigayi Alhaji, wanda ya yi fataucin dabbobi. A hannun wani Bature ya saye ta a Damagaram, ya shigo da ita ta Kongolam. Na tarar da ita a ƙarƙashin rumfar kwano, an lulluɓe ta da tamfol, kaza tana ƙwai a bayan tayarta. Duk Juma'a idan ya dawo daga makaranta mijina yakan tayar da ita ta yi gurnani, sannan ya kashe, wai don kada inji ya kwanta. Bai taɓa fita da ita ba. Idan na yi maganar kujerar gefe sai ya ce, "Bari dai a duba ta tukuna." A wannan bari dai na haifi 'ya'ya har suka shiga makaranta.

Da surukata muke zaune, Inna. Mijina ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, kuma ko yana tsaye a gabanta ta bakina take yi masa magana. "Gaya wa wancan gero ya kusa ƙarewa," haka za ta ce, shi kuma ya amsa wa bango. Na lura duk Juma'ar da aka tayar da motar, Inna takan jawo kujerarta 'yar tsugune kusa da rumfar, ta zauna tana tsince wake. Na ɗauka inuwa take bi.

Wata Juma'a warin fetur ya cika gidan har cikin randa. Mijina ya durƙusa ya leƙa, ya ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin motar, ga murhunmu kuwa ba nisa. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce ba zai zauna da wannan a gidan da ake hura wuta ba. Ko dai ta gyaru, ko ya kira 'yan gwangwan su yanka ta su kwashe. Idan ta tafi, ta tafi ke nan ban zauna a kujerar nan ko sau ɗaya ba.

Bakaniken da ya zo taubashin mijina ne, ɗan ƙanwar marigayi, don haka akwai wasa tsakanina da shi. Ya yaye tamfol, ya zagaya gaba, ni ina biye da shi.

"Matar malam, me kike nema a nan? Tuwo zai tuƙa kansa?"

"Inji nake son gani."

Ya ɗaga murfin gaba, sai ga taya ɗaya a kwance da kashin ɓera. Ya kwashe da dariya. "An sace injin, sai haƙuri." Da ya ga na yarda, sai ya ja ni baya ya buɗe wani murfin a bayan kujeru. Ashe a nan injin yake, dab da ƙeyar mai tuƙi. Na tsaya ina mamaki. Shekaru ina mafarkin motar nan, ban san ta ina take numfashi ba.

Ya nuna mini abin da ya lalace. Tiyo ne baƙi, kaurin ɗan yatsa, an saƙa masa zare a jiki kamar lagwani, shi ke ɗauko mai daga tanki ya kai wa inji. Ya matsa ɗaya da yatsu biyu, sai ya tsage. Ya yanko guntu ya miƙo mini. Cikinsa duk faso, kamar dugadugin manomi. Ya ce roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, ga zafin inji, ga man galan da Alhaji ya yi ta zuba mata a bakin hanya. Na tambaye shi ko ba za a sa irin farin tiyon janareta ba, tun da akwai shi a kasuwa.

"Idan kin gaji da yayana ki faɗa, ba sai kin soya shi ba," in ji shi. Ya ce sai an aika Kano, kuma ba ɗaya za a canja ba, duka ne, don wanda bai tsage yau ba sa'an wanda ya tsage ne.

Ranar da tiyon ya iso, taubashi ya kafa doka tun a ƙofa: ba a hura wuta a gidan nan sai ya gama. Ba murhu, ba risho, ba kaskon turare. Muka yi karin kumallo da fura da nono, abincin rana kuma a murhun maƙwabta na dafa. Taubashi ya fara da cire kan batir, ya tsiyaye man tanki a jarka ya kai zaure, sannan ya ɗaga motar da jak ya tokare ta da kututture. Mijina ya tafi makaranta. Ni ce mai miƙa sifana, Inna kuma tana kan kujerarta da faifan wake.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dogon tiyon da ya ratsa ta cikin wani rami a ƙirjin motar, inda hannu ba ya shiga, ido ba ya gani. Na ce ta yaya sabon zai san hanya? Taubashi ya haɗa bakin sabon da wutsiyar tsohon, ya ɗaure su da waya, ya shafa sabulu. Ya kwanta a ƙasa yana jan tsohon a hankali, ni kuma ina tura sabon daga sama.

"Kada ki yi gaggawa. Idan suka rabu a tsakiya, sai mun sauke rabin motar nan."

Ina turawa ina jin yadda yake tafiya, ya tsaya a kwana, ya nisa, ya wuce. A nan ne na juya na yi wa Inna tambayar da na daɗe ina ajiyewa. A raina na riga na rubuta labarin: Alhaji da ƙuruciyarsa, ita a gefensa, hanyar Baure da yamma, gonaki sun yi kore.

"Inna, ina da ina Alhaji ya kai ki a cikinta?"

Ba ta ɗago daga waken ba. "Ni? Ban taɓa shiga ba."

Hannuna ya tsaya. Taubashi ya yi magana daga ƙarƙashin mota, ya ce in ci gaba da turawa.

Ta ce a zamaninsu mace a baya take zama, motar kuwa ba ta da baya. Alhaji ba zai ratsa gari da matarsa a kafaɗarsa ba, abokansa na zaune a bakin kasuwa suna kallo. Abokan ya ɗauka, da dillalai, har ɗan rago ya taɓa ɗaukowa a kujerar. Ita abin da ta sani na motar shi ne wari. Idan ya dawo daga tafiya, kafin ya yi sallama warin fetur ya riga shi shiga ɗaki, yana jikin rigarsa, yana jikin hularsa. "To duk Juma'a in wancan ya tayar da ita, sai in ji kamar ya dawo."

Na kalli guntun tiyon da ke ƙasa. Ashe tun Alhaji yana da rai motar take tsatsafo kaɗan-kaɗan, kuma abin da muke ta fama mu toshe, shi Inna take jawo kujera ta shaƙa.

Bakin sabon tiyon ya ɓullo. Taubashi ya ɗaure kowane baki da sabon kilif, ya mayar da mai, ya haɗa batir. Da yake ya san na koyi tuƙi a motar yayana da muke ciki ɗaya lokacin da nake karatu a Katsina, sai ya ce in shiga in murɗa makulli shi ya duba. Shiga motar ma aiki ne, sai ka zauna tukuna sannan ka jawo ƙafafu. Na murɗa, ta yi tari, ta kama. Ya bi kowace mahaɗa da farin tsumma yana dubawa. Tsumman ya fito a bushe. Inna ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta sake shaƙa, sannan ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki.

Bayan la'asar mijina ya dawo, ya duba, ya ce motar ta zauna, ba za a kira 'yan gwangwan ba. Ya juyo gare ni yana murmushi, makulli a hannu. "To, ɗauko mayafinki."

Na ɗauko. Amma da na fito sai na tsaya a ƙofar Inna, na ce masa akwai wadda ta riga ni jira. Na gaya masa abin da ta faɗa. Ashe shi ma bai sani ba. Ya matsa kusa da labulen, ya gaya wa bango cewa idan ana so, mota ta gyaru.

"Gaya wa wancan," in ji Inna daga ciki, "ni ba zan zauna kafaɗa da kafaɗa da shi ba."

"To ni in kai ki, Inna," in ji taubashi.

"Kai da ka zubar da ni da buhun gero a hanyar Baure? Babur ma ke nan."

Labule ya motsa. Ta fito da mayafinta na zuwa suna, ta dube ni. "Ke ba na ji kin tayar da ita ba?"

Sai da aka jera katako a kan kwata kafin motar ta fita, saboda cikinta yana taɓa ƙasa. Na riƙe sitiyari, injin yana huci a ƙeyata. Inna ta ce mu bi hanyar Kongolam, hanyar Alhaji. Muka wuce masu kayan miya, muka wuce garken shanu ana kora su gida. Ba ta kama ƙofa ba, ba ta yi salati ba, kallo kawai take yi.

"Ashe daga ƙasa yake ganin mutane," in ji ta. "Dubi cikin saniya."

Da muka bar gari ta kwance bakin mayafinta. Guntun tsohon tiyon ne a ciki, ban san lokacin da ta tsince shi ba. Ta kai shi hanci, ta mayar ta ƙulle.

"Iyakar gudunta ke nan?"

Na ce a'a, na sa giya ta gaba.

Tun daga ranar, idan an sauko daga masallacin Juma'a, Inna takan saka mayafi ta tsaya a bakin rumfa, mijina ya jera katako ya buɗe mana get. Kujerar gefen kuwa har yau ban zauna a kanta ba.