Kitson da ya hana a auna ƙwaƙwalwata

Ni ce mai digiri a gidanmu, amma ƙwaƙwalwar ƙanwata aka auna.

Wata malama ce daga jami'ar da ke Samaru ta zo shagonmu na ɗinki a kasuwar Sabon Gari, ɗauke da hula mai wayoyi. Ta ce tana binciken yadda ƙwaƙwalwa ke aiki yayin da mutum yake tsakiyar sana'arsa. Kafin ta rufe baki na zame ɗankwali. Ta duba ta ce kitson shukun da aka yi mini don bikin 'yar kawunmu ya yi tudu, hular ba za ta taɓa fatar kai ba. Ko zan tsefe? Na ce Allah ya kiyaye, wuni guda na yi a gaban makitsiya.

Ƙanwata, wadda ƙiwa ta hana zuwa kitso, ita aka ɗora wa. Tana taka keken ɗinki, layuka suna rawa a kwamfuta, malamar sai "Masha Allah" take yi. Aljihun da ta ɗinka ma a karkace yake, da idona na gani.

Kafin la'asar Inna ta buga wa dangi waya kaf, wai 'yan jami'a sun zo ganin kan auta. Shekara huɗu na yi a jami'ar nan!

Washegari na tsefe kitson tas, na nufi Samaru. Malamar ta ce, "Ayya, ai mun gama da teloli."

Haka na je bikin da tsefaffen kai. Ƙanwata kuwa ta sha sabon shuku, ana ta nuna ta.