Man Jirgin Baba Saja

Cikin duk shekarun da na yi ina tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda Baba Saja ya kawo mini man jirginsa. Ku da kuka kama aiki bayanmu, bari in ba ku labarin.

Lokacin ina direba a wani ƙaramin asibiti a Zuru, cikin damina, shekarar da wayar salula ta fara kamawa a garin. Ƙa'idarmu ita ce direba ba ya zuba komai a tanki sai da sanin shugaban makanikai, wanda a lokacin Malam Umaru ne, mutumin Argungu. An shiga wahalar fetur, gidajen mai duk a rufe, 'yan bumburutu ma sun ɗauke jarkokinsu. Abin da ya rage a tankina ko bayan gari ba zai fitar da ni ba.

Da hantsi aka kawo wani makiyayi mai suna Buba, maciji ya sare shi a ƙafa, har dasashinsa ya fara jini. Sista Rahila, shugabar ma'aikatan jinya, ta ce allurar dafi ta ƙare, sai an kai shi Kontagora, kuma yanzu. Na tsaya riƙe da makulli kamar wanda ruwa ya ci.

Baba Saja Dauda tsohon soja ne daga Rikoto, kullum yana bakin ƙofarmu suna hira da maigadi. Kowa a Zuru ya san jirginsa, ɗan jirgin sama na wasa mai inji, tsawonsa bai fi hannu ba. Ɗansa Yohana, wanda shi ma soja ne, ya kawo masa daga aikin kiyaye zaman lafiya, tare da galan guda na mansa. Yaron ya koma bakin aiki, bai dawo ba. Tun daga nan Baba Saja ba ya tashin jirgin sai ranar Kirsimeti, shi ma na ɗan lokaci, don ba inda ake sayar da irin man.

Da ya ji abin da ake ciki, sai ya hau babur ɗinsa. Ya dawo ya dire galan ɗin a gabana.

"Direba, zuba. Mai da ke tashin jirgi, mota ce za ta gagare shi?"

Na ce, "Baba, ai wannan na Yohana ne."

"Yohana ya tafi. Wannan yana numfashi. Zuba!"

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na buɗe galan ɗin, sai na ji ƙanshi irin na sifirit ɗin da ake goge wurin allura, na taɓa kuma ga maiƙo. Na ce a ba ni izini in bi ƙa'ida. Na haye tudun bayan asibiti, don nan kaɗai waya ke kamawa, na kira Malam Umaru.

Ya ce, "Mi kac ce? Kak ka kuskura! Wanga ba fetur ba ne, sifirit ne da man zurma da wani sinadari. Injin jirgin nan kamar ɗan yatsa yake, don irinsa aka yi man nan. In ka zuba ma mota, fulogi ya jiƙe, robobin mai su lalace, ta mace maka tsakiyar daji da marar lafiya."

Saukowa daga tudun nan ya yi mini wuya. Yaya za ka mayar wa mutum kyautar da ta fi komai tsada a wurinsa? Na durƙusa na faɗa masa yadda aka ce. Ya dube ni, ya dubi galan, na ɗauka faɗa zai yi.

Sai ya ce, "To, oda oda ce."

Ya fita tsakiyar titi ya ɗaga hannu, ya buɗe muryar nan ta fareti. Duk ɗan kabu-kabun da ya zo wucewa a kan babur sai ya ci birki, don yawancinsu 'ya'yan abokan aikinsa ne. Ya jera su a layi, ya ce kowa ya zare tiyo ya tatso kwalba ɗaya. Wani ya ce, "Baba, da me zan koma gida?" Ya ce, "Da ƙafa, kamar ubanka!" Aka yi dariya, ya tsiyaya nasa shi ma. Ni ina riƙe da mazurari, Sista Rahila tana tace man da bandeji. Babur ɗin Baba Saja kuwa tas aka juye shi, da ƙafa ya koma Rikoto rungume da galan.

Muka isa Kontagora kafin la'asar, Buba ya sami allura, ya tashi.

Abin da na koya shi ne, gaggawa ba ta halatta wa direba ya zuba abin da bai sani ba a tanki, ko da daga hannun wanda yake jin kunya ya fito. Na kuma koyi cewa motar asibiti ba da man gwamnati kaɗai take tafiya ba. Har yau in na ga ɗan kabu-kabun Zuru, ni nake fara gaishe shi.

Da Kirsimeti ya zo, Baba Saja ya aiko a kira ni filin makaranta. Na tarar da Buba ya riga ni, yana ɗingishi kaɗan, ya kawo masa ƙwaryar nono. Tsohon ya shafa fiffiken jirgin ɗansa, ya miƙo mini galan ɗin.

Ya ce, "Direba, zo ka zuba. Wannan karon ba sai ka hau tudu ba."