Hajiya Zazzage ta Isa

Kullum da hantsi Malama Halimat kan ajiye farin faranti a tagar ba da magani ta wani ƙaramin asibiti a Isa. Ba ta miƙa wa kowa ko ƙwaya ɗaya sai ta ce, "Zazzage ledarka in gani." Maganin asibiti, na kemis, na fataken Maraɗi mai rubutun Faransanci, duk sai sun hau farantin nan. Shekara talatin ke nan, ga shi a watan nan take ajiye aiki.

Shaidar masoyi ba ta da wuya, bari mu ji ta mai jin haushinta. Attahiru mai kemis ne a tsallaken titi. Abin da ke ƙona masa rai, mutum ya karɓi magani a hannunsa, a kan idonsa ya tsallaka ya kai wa Halimat ta duba. "Ita ɗai ta yi boko garin ga?" Shi ya laƙaba mata Hajiya Zazzage don ba'a, sunan ya bi gari ya zama kirari. Haushi kan haushi!

Ana nan ƙanwarsa Lailatu ta kamu da ciwon damuwa bayan rasuwar mijinta. Likita a Sakkwato ya ɗora ta a kan magani. Da barci ya ƙaurace mata, Attahiru ya ƙara mata wani na damuwa mai sa barci, ko sunan na farkon bai tambaya ba. "Kak ki kai ma waccan ta gani," in ji shi.

Bayan kwana huɗu Lailatu ta hau karkarwa, gumi sharkaf, zuciya na lugude, magana ba kan gado. Ya ce zazzaɓi ne. Sai da ta kasa riƙe kofin ruwa ya haɗiye girman kai ya tsallaka titi da ita.

"Zazzage ledar, Alhaji."

Halimat ta jera kwalaye biyu. "Wa ya haɗa mata waɗanga? Duk na damuwa ne. Wani na ƙara ma wani ƙarfi cikin jini, suna iya kisa."

"Ni ne," ya ce, murya can ƙasa.

Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ruga kiran likita. Lailatu ta tashi. Har yau wannan magana ba ta fito daga bakin Halimat ba, shi da kansa ya ba da labarin.

Malama, ke ce wadda maƙiyinta ya faɗo hannunta ta rufa masa asiri. Attahiru ya ce, "Wallahi ko rufin asirin nata haushi shika ba ni. Mi za ya hana a ce ni na rufa ma wani asiri haka?"

Mun gode, Malama, Allah ya sa a huta lafiya. Masu ba da magani, ku tambayi abin da mutum ke sha kafin ku ƙara masa wani. Attahiru dai ya riga ku. Yanzu akwai farin faranti a kantarsa, yakan ce, "Zazzage ledarka," a hankali, don kada a jiyo shi a tsallaken titi.