Kabarin Kaka Jatau a Bakin Ƙofar Coci

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku, muna 'yar gala-gala a gindin tsamiyar coci ni da ƙawayena, sai ga Baba da ƙannensa da fartanya da shebur. Kakana Jatau ya rasu da safe, sun zo haƙa masa kabari a filin coci kamar yadda ya roƙa. Ba su kai ga sara ƙasa ba Malam Istifanus, malamin cocin, ya fito yana gyara wuyan riga, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, nan wurin masu baftisma ne." Baba bai taɓa zuwa hajji ba a lokacin. Don ya tuna masa cewa shi Musulmi ne ya kira shi haka, a gaban mutane.

Kai! Cocin nan ta Katolika a zauren Kaka ta fara, da mutum kaɗan da tabarma. Da zaure ya yi musu kaɗan ya yanki gonarsa ya ba su, ya sa matansa biyu ɗaukar ruwa daga rafi ana kwaɓa ƙasar gini. Mu jikoki mu ke share harabar, mu kori awaki daga baranda, mu tsinci tsamiya mu kai wa Iya, uwargidan Kaka, ta dama kunu. Baba ya musulunta tun yana saurayi, Kaka bai taɓa hana shi salla ba. Abu ɗaya aka nema a wurin tsohon kafin a yi masa baftisma, ya sallami mace ɗaya, shi kuwa ya ƙi. Yakan ce, "Wadda ta ci wuya da ni, ina zan kai ta?" Haka ya tsufa a bencin baya, ana karɓar jibin Ubangiji yana kallo. Shi kuma Istifanus maraya ne, a gidanmu ya girma, tuwon waɗannan matan biyu ya ci har ya yi gemu.

Lokacin garinmu ba shi da Fada nasa, wato babban limamin coci, sai wanda ke zuwa a babur jefi-jefi, ga rafi ya cika ya hana shi ƙetarowa. Maganar Istifanus ce ta zauna. Baba bai yi musu ba. Ya juya, ya tsaya daidai inda gonarmu ta yi iyaka da filin coci, a tsakiyar 'yar hanyar da kowa ke bi zuwa ƙofa, ya ce a haƙa nan. Ƙasarmu ce, ba mai cewa uffan. Aka binne Kaka a wurin, aka jera manyan duwatsu.

Washegari Lahadi na hau katanga don in ga abin da zai faru. Mutane suka zo, kowa ya rage tafiya, maza suka cire hula, tsofaffin mata suka durƙusa suna gaishe da Kaka. Istifanus kuwa ya kasa bi ta wurin. Ya zagaya ta bayan gona, ta cikin ƙaya da taɓo, ya shiga coci da wando jiƙe. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, ni kuma ban fasa hawa katanga ina yi masa sannu da zuwa da ƙarfi ba. Wallahi daɗi nake ji.

Da aka ba garin Fada nasa, aka yi wa coci rufin kwano, sabon Fadan ya tambayi labarin duwatsun. Da ya ji, ya ce a je a yi addu'a a kai. Istifanus ne ya bi shi a baya riƙe da kwanon ruwa mai tsarki, ya tsaya kansa a ƙasa har aka gama. Iya Ƙarama, amaryar Kaka, wadda aka so a kora, ta rangaɗa guɗa.

Yanzu ina Makka, ina sayar da waina a unguwar Mansur, 'ya'yana sun fi jin Larabci, in na fara labarin sai su ce, "Halas, Ummi, ki yafe." Ban yafe ba. A nan kabari ba suna, ba a gane na wane da na wane, nawa ma haka zai kasance. An ce Istifanus ya rasu, an sa shi a cikin filin coci, can baya inda ciyawa ta rufe. Kakana da aka hana shiga, shi ake fara gaisarwa.